Takin Rabin Kuɗi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin malamin gona a ƙauyukan da ke gabas da Dutse. Aikin ba wani mai girma ba ne. Babur gare ni da jakar takardu, ina bi gona-gona in duba abin da ke cin wake, in nuna wa mutum tazarar da zai bari in zai shuka riɗi, in zauna a gindin maina a yi ta kawo mini ƙarar tsutsa. A yankin aka haife ni, don haka babu garin da zan shiga a rasa mai miƙo mini ruwa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Ƙaninsa ne ya riƙe ni, shi ya sa ni a makaranta, shi ya yi mini aure, kuma Baffa nake ce masa.

A shekarar da kuɗin mai ya tashi, taki ma ya bi bayansa. Buhun da mutum yake sayar da akuya ɗaya ya saya, ya koma sai ya haɗa biyu. Da bazara aka kira mu taro a Dutse, duk malaman gona, a wani babban ɗaki mai fankokin da ba sa juyawa. Wani babba ya tashi ya ce gwamnati ta ji kukan manoma, za a ba da taki a rabin kuɗi. Manomi zai biya nasa rabin tun yanzu a ba shi rasit, gwamnati ta cika sauran, kafin a gama noman fari kaya sun iso. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, kuma da zuciya ɗaya na yi. Na fito da kundin rasit guda huɗu a jakata ina jin kamar ni ne zan raba wa mutane takin daga aljihuna.

Sati uku na yi ina yawo. In tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar, ko a bakin rijiya, in faɗi abin da aka faɗa mana. Mutane suna biya ina rubutawa, ranar Alhamis in kai kuɗin banki in zuba a asusun da aka ba mu. Sa hannuna ne a kan kowane rasit. A wani ƙauye da ke bayan namu, wanda ya fara biya shi ne ladanin garin, wani dogon mutum mai sanyin magana. Kuɗin buhu biyu ya kawo, duk canji, suna warin man gyaɗa, don na matarsa ne mai yin ƙuli-ƙuli. Da mutane suka ga ladan ya biya sai suka yi layi a bayansa.

Baffa ya fi kowa jan ƙafa. Da na je masa da maganar yana gyaran ƙotar garma, bai ɗago ba ya ce, "Kai ka ga takin da idonka?"

Na ce, "Ban gani ba, Baffa, amma a gabana aka faɗa."

Ya ce, "To, tunda kai ka ji."

Ya sayar da tumaki biyu da buhun riɗin da ya ajiye saboda lalura. Ɗansa na biyu, ƙanina ke nan, wanda tare muka tashi a ɗaki ɗaya duk da na girme shi da shekara tara, acaɓa yake yi tsakanin garinmu da Shuwarin. Tun da mai ya yi tsada ya zama mai saurin fushi, don wata rana yakan wuni a hanya ya dawo bai fitar da kuɗin man da ya sha ba. Shi ma ya kawo abin da yake tarawa don gyaran inji, ya ce bana gona zai mayar da hankali.

Ruwa ya sauka da wuri. Aka yi shuka, aka yi noman fari, taki bai zo ba. Aka fara maimai, bai zo ba. Ganyen masara ya koma ruwan ɗorawa, gero ya tsaya siriri a gonakin jigawa. Ni da na san lokacin da shuka take neman taki, na fi kowa sanin abin da kowace rana take ci.

Na hau babur na tafi Dutse wurin shugaban sashenmu, wani dattijo da ya kusa ritaya, wanda ya san ni tun ina sabon ɗauka. Ya bari sai da ofishin ya yi sauƙi, ya tura ƙofa, ya ce in zauna.

Ya ce, "Zan faɗa maka don kai ne, amma ba ka ji daga bakina ba. Kuɗin da ake turowa daga sama duk wata, kafin su iso an zare na biyan bashi. Bashin nan da dala aka ci wani, naira ta faɗi, abin da ake biya ya ninka. Abin da ya rage albashi ma da ƙyar yake ɗauka. Ɗan kwangilar da zai kawo takin yana bin kuɗin bara, ya ce ba zai saki ko buhu ɗaya ba sai ya ga tsohon kuɗinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin da manoma suka biya fa?"

Ya dube ni ya ce, "Da su aka rage masa tsohon bashin. Ya ce zai saki wani abu."

"Nawa ne wani abu?"

"Ban sani ba."

"To me zan je in ce musu?"

Ya ce, "Ka ce yana hanya."

Haka na yi ta cewa. Sati biyar ina cewa yana hanya. Baffa kaɗai na faɗa wa gaskiya, wata la'asar muna zaune a zaurensa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wa ya ci bashin?"

Na ce, "Gwamnati, Baffa. Ta sama da ta ƙasa."

"Da sunan wa?"

"Da sunan ƙasa. Da sunanmu ke nan, mu duka."

"Ni dai ba a kira ni ba ranar da ake karɓa. Me aka yi da shi?"

Na lissafa masa abin da nake ji a rediyo, hanyoyi, jirgin ƙasa, wutar lantarki, da kuma biyan wani bashin da aka ci tun kafin wannan. Ya ce, "Wato tumakina sun tafi biyan kuɗin hanyar da ban taɓa takawa ba." Ya tashi ya ɗauki buta.

Dukan farko a kasuwar Shuwarin na sha shi. Na tsaya sayen gishiri sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Wani mutum ne da na rubuta wa rasit na buhu uku. Ya juyo da ni ya tsinka mini mari, hulata ta faɗi cikin kwatar masu kifi. Ya zaro rasit ɗin daga aljihu, ya dunƙule, ya ce sai na cinye shi. Yana tura mini takardar a baki, farcensa ya tsaga mini leɓe. Mahauta ne suka raba mu. Abin da ya fi marin ciwo shi ne yadda na ga mutanen da suka taru, babu wanda ya yi mamaki. Bayan kwana uku, ina wucewa ta wani gari, aka jefo ni da dutse daga bayan danga, ya fasa fitilar babur. Maiɗakina ta ce in yi ƙaryar ciwo in zauna a gida. Na ce in na ɓuya za a ce na cinye kuɗin.

Ana cikin haka sai ga saƙo cewa taki ya iso. Tirela ɗaya. Da na ji haka na zauna a bakin hanya na yi lissafi a bayan kundina, na ga ko rabin buhu aka ba kowa ba zai kai ga kashi ɗaya cikin huɗu na masu rasit ba. Aka sauke shi a siton ƙaramar hukuma, wani dogon gini mai rufin kwano da katanga da ƙofar ƙarfe, aka ce ranar Laraba za a raba.

Maigadin siton wani tsoho ne ɗan garin, gajere, mai furfura, wanda ya fi shekara ashirin a wurin kuma har lokacin ma'aikacin wucin gadi ne. Gora ɗaya gare shi da tabarma da rediyo. Duk sanda na je yakan ce, "Malam, an zo lafiya, ya mutanen daji?" Ranar Laraba da na isa da hantsi, bai tambaye ni mutanen daji ba, don duk suna ƙofarsa. Sun zo da babura da kekuna da amalanken shanu, kowa da rasit a hannu, tun daga bakin titi har jikin katanga. Na hango Baffa can gefe a inuwar darbejiya, na hango ƙanina a gaba-gaba, jikin ƙofa. Da ƙyar maigadi ya buɗe mini na kutsa, ya mayar da sarƙa ya datse kwaɗo.

Mu huɗu ne a ciki: ni, da maigadi, da akawun sito, da wani jami'i da aka turo ya kula da rabo. Jami'in ya ce ba za a fara ba sai an kawo takardar sunaye daga ofis. Rana ta take. Mutane tun suna magana har suka fara dukan ƙofa da tafin hannu. Wajen sha biyu sai na ji ƙarar mota ta bayan ginin. Akwai wata ƙaramar ƙofa a can da ban taɓa ganin an buɗe ba. Na zagaya na tarar da a-kori-kura ta ja baya har bakin sito, 'yan dako biyu suna lodi, jami'in yana tsaye da 'yan guntayen takardu a hannu yana ƙirgawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan na waye?"

Ya ce, "Na manya ne. Ka koma gaba ka lallashe su."

Na ce, "In suka gani ba za mu fita da rai ba."

Ban rufe baki ba wani saurayi da ya hau kan katanga ya gani. Ya juya ya faɗa wa na ƙasa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ji amsar da aka ba shi, wata irin ƙara ce da ta taso daga titi ta nufo mu gaba ɗaya.

Na ruga gaba. Ƙofar ƙarfen tana lanƙwasowa ciki, sarƙar ta miƙe. Maigadi ya sa kafaɗa yana tokarewa, shi kaɗai, tsoho, yana cewa, "Ku yi wa Allah, ku yi wa Annabi." Duwatsu suka fara saukowa ta saman katanga, suna faɗawa kan kwano kamar ana rushe gini. Ɗaya ya sami akawu a goshi, ya dafe ya durƙusa, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Na ce wa maigadi ya ba ni makulli in buɗe, gara a shigo ta ƙofa da a faɗo da ita. Ya miƙo mini. Na buɗe kwaɗon, na zare sarƙar, kafin in ja da baya ƙofar ta bankaɗo. Gefe ɗaya ya tsinke daga jikin gini ya faɗo a kan maigadi. Mutane suka bi ta kai. Ba da niyya suka taka shi ba, na gaba ba su da ikon tsayawa, na baya suna turo su. Na ga ƙafarsa ɗaya a waje, ba takalmi, tana motsi, daga baya ta daina.

Abin da ya biyo baya ban gan shi a jere ba. Na ga an jawo direban a-kori-kura ta taga, an fasa gilashin da ƙotar fartanya, mutum uku suna dukansa yana rarrafe ƙarƙashin mota. Jami'in ya haura katangar baya ya bar takalmansa da takardunsa. A bakin sito aka yi turmutsutsu, ƙofa ɗaya, mutum ɗari suna son shiga, masu buhu a ka suna son fita. Wanda ya fito da buhu sai a rufe shi, wannan ya ja, wancan ya ja, buhun ya yage. Takin yuriya ya zube fari fat a ƙasa, mutane suna durƙusawa suna kwasa da hula da gaban riga, ana taka musu hannuwa. Na ga maƙwabta biyu da gonakinsu ke haɗe da iyaka, ɗaya ya zaro adda ya sari ɗayan a damtse a kan rabin buhun takin kamfa. Wanda aka sara bai saki buhun ba.

Sai wani ya ce, "Ga shi nan, ga mai rasit." Suka juyo kaina. Na ja da baya har bayana ya taɓa katanga. Sarƙar tana hannuna, da kwaɗon a bakinta, ban ma san ban yar da ita ba. Na san fuskokin duka. Na san wanda na taimaka wa ya kashe gwazarma a gonarsa, na san wanda na halarci sunan 'yarsa. Gora ta sauka a kafaɗata, wani ya shure ni a ciki. Sai na ji an kama hannun rigata na hagu ana ja da ƙarfi. Na juya na wurga sarƙar da duk ƙarfina. Kwaɗon ya sami mutum a fuska, na ji sautin a hannuna. Ladan ne. Ya saki rigata, ya dafe idonsa na dama, ya zauna a ƙasa a hankali kamar mai shirin alwala.

Daga nan ban ƙara ɗaga hannu ba. Suka rufe ni. Wanda ya buge ni a kunne ƙanina ne. Na gan shi sarai, da ƙota a hannu, idanunsa jajur, yana cewa, "Ka sani, Yaya, ka sani ka yi shiru." Na ji wani abu ya fashe a cikin kaina, duniya ta yi tsit ta gefe ɗaya, na faɗi. Ana ta shuri. Can sai na ji nauyi a kaina, da warin rigar da na sani tun ina yaro. Baffa ne ya kutso, ban san ta yaya ba, ya kwanta a kaina ya rufe ni da jikinsa. Duka biyu ko uku sun same shi kafin su gane ko wane ne, ina jin yadda numfashinsa yake yankewa a bayan wuyana da kowane ɗaya. Sai na ji muryar ƙanina ta sauya, yana ture mutane yana cewa ubansa ne, ubansa ne.

Jami'an tsaro sun iso bayan an kwashe fiye da rabin siton. Suka harba barkonon tsohuwa cikin harabar da mafita ɗaya kawai mutane suka sani, mutane suka sake turmushe juna wajen fita. Na ji harbi sau huɗu ko biyar. Harsashi ya sami wani saurayi a cinya yana ƙoƙarin ɗaure buhu a kan keke. 'Yan garinsu suka ɗora shi a amalanke suka kora shanun da gudu, jini yana ɗiga a titi, kafin su kai asibiti ya cika. Da hayaƙin ya lafa aka ɗaga ƙofar ƙarfen. Maigadi yana da sauran numfashi, amma bai kai la'asar ba.

Kwana shida na yi a asibiti a Dutse. Dodon kunnena na hagu ya fashe, har yau ba na ji da shi. Baffa haƙarƙari uku ya karye, ya ƙi kwanciya a asibiti, aka kai shi wurin mai ɗori. Ban sami jana'izar maigadi ba, amma na je gaisuwa ranar bakwai. Babban ɗansa ya ce mini da aka yi sanarwa a maƙabarta cewa duk mai bin mamacin bashi ya zo, mutum biyu suka zo, mai shago da mai magani, aka biya su. Ya ce shi kuwa tsohon yana bin albashin wata bakwai, sun je ofis an ce su kawo takarda, sun kai, an ce babu kuɗi a ƙasa.

Ina asibiti jami'an tsaro suka fara bi gida-gida. Duk inda aka ga buhu, ko yagagge ne, a fito da maigidan tsakar gari a kwantar da shi a yi masa kulki a gaban iyalinsa, ko da kuwa yana riƙe da rasit ɗinsa. Mutane suka riƙa zuba takin a rami, wasu a cikin masai, wasu suka watsa shi a gona da sassafe ba awo har ya ƙone shukar. An kama ƙanina da buhu ɗaya a ƙarƙashin gadon uwarsa. Sun karya masa yatsu biyu kafin su jefa shi mota.

Da na fito aka kira ni ofis, aka ajiye mini farar takarda aka ce in rubuta sunayen waɗanda na gani. Na ce kaina ya bugu, ban tuna ba. Aka ce rasit ɗin duk da sa hannuna suke, ni ne na buɗe ƙofa, in ban tuna ba akwai hanyar da za a bi a ce da haɗin bakina aka shirya. Na yi tunanin 'ya'yana huɗu. Na rubuta suna biyar. Na zaɓi waɗanda na san an riga an kama, na ce wa kaina ban ƙara musu komai ba. Daga baya na ji cewa takardata ce aka karanta a kotu, kuma ita ta sa aka hana biyu daga cikinsu beli. Ɗayan shi ne mutumin da ya mare ni a kasuwa. Na sha tambayar kaina ko don marin na sa shi, ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Ƙanina ya yi wata biyar a tsare. Baffa ya sayar da ɗaya daga cikin shanunsa na huɗa kafin a fito da shi. Ranar da ya dawo ya zo har gidana, ya tsaya a zaure, ya ce, "Yaya, ka yafe mini kunnenka." Na ce na yafe, na ce shi ma ya yafe mini shirun da na yi. Ya ce, "Wannan sai a hankali." Bai ƙara sati biyu ba ya sayar da babur ɗinsa ya tafi kudu, yana dako a wata kasuwa. Yana aiko wa uwarsa da kuɗi, ni kuma muna gaisawa a waya da salla.

Damina ta ƙare da abin da ta ƙare da shi. Wanda ya saba ɗaure dami arba'in ya ɗaure sha biyar. Baffa bai sake riƙe garma ba, in ya yi tari sai ya dafe gefensa. Bai taɓa tayar mini da maganar ranar ba, ko sau ɗaya. Da rani aka sanar cewa za a mayar wa manoma kuɗinsu kashi-kashi, aka biya kashin farko ga waɗanda rasit ɗinsu bai ɓata ba, ba a sake kiran kowa ba. Na nemi a sauya mini wurin aiki, aka dawo da ni Dutse, inda nake zaune a tebur ina shigar da takardu.

Sai da na yi wata huɗu kafin na iya zuwa wurin ladan. Idon ya tafi, an ɗinke fatar. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya sa aka kawo mini tabarma. Na fara ba shi haƙuri, na ce tsoro ne, na ga kowa yana dukana, ban san wanda na buga ba.

Ya ce, "Malam, ni ba dukanka na zo yi ba. Akwai wata kafa tsakanin katanga da tankin ruwa, na ga in na ja ka ta nan za ka fita."

Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce shi bai kai ƙara ba kuma ba zai kai ba, amma kada in ce masa ya manta, don kullum in ya zo zuba ruwa a buta sai ya zuba a gefe. Na ce zan ɗauki nauyin maganinsa. Ya ce an riga an gama magani, matarsa ta sayar da injin niƙanta.

Tun daga shekarar, duk kaka nakan kai masa buhun gero daga albashina. Yana karɓa, ya sa albarka, mu zauna kaɗan. Shi yakan zauna ta damana don in ji shi, ni kuma ta hagunsa don ya gan ni. Har yanzu shi ke kiran salla a garin. Zuwan da na yi na ƙarshe ya tambaye ni nawa buhun kamfa yake a Dutse yanzu, na faɗa masa. Ya jinjina kai, ya ce ya yi magana da wasu Fulani za su sauka a gonarsa da rani su bar masa kashin shanu, shi kuma ya ba su kara da harawa.